MADUBIN DA KE JUYA SAƘON TARHO

Masu sauraren rediyo sun san gajeren zango, na mita 31 ko 49, wanda ke ƙetare ƙasashe da tekuna. To, tarhon hannu na zamani yana aiki ne da zangon da ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba. Tsarin 5G, wanda ya soma aiki a Koriya ta Kudu da Amurka cikin shekara ta 2019, akwai sashensa da zangonsa bai wuce misalin santimita 1 ba.

Irin wannan zango yana ɗaukar saƙo mai tarin yawa cikin ƙiftawar ido, amma ba shi da juriya. Bango na tare shi, ganyen itace na rage masa ƙarfi, har jikin mutum ma na iya datse shi. In kuwa aka ce sai an kafa eriya a kowace kwana, kuɗi da wutar lantarkin da za a kashe ba su da iyaka.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce wani allo shimfiɗaɗɗe da ake mannawa a jikin gini. Fuskarsa na ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƴan ƙananan ƙarafa, kowane da makunninsa. Idan saƙo ya faɗo a kai, ƙarafan su maida shi gaba ɗaya wajen da aka umarce su, kamar yadda yaro ke aika hasken rana cikin ɗaki da madubi. Bambancin shi ne allon ba ya motsi, makunnan ne ke sauya hanyar saƙon. Da yake ba ya haifar da saƙo nasa, wuta kaɗan yake ci.

A ƙasar Japan, kamfanin NTT Docomo da na gilashi AGC sun gwada irinsa cikin 2020, wanda ake hango waje ta cikinsa kamar taga. Cikin 2021 hukumar ETSI, mai tsara ƙa'idodin sadarwa a Turai, wadda mazauninta ke Faransa, ta kafa kwamiti a kansa.

Amma da sauran aiki. Allon ba shi da kunnen da zai gane inda tarho yake, sai an sanar da shi a kowane lokaci, mai tarho kuwa tafiya yake. Sa'annan saƙon da ya biyo ta kansa yakan iso da rauni, sai fa in allon na da faɗi sosai. Warware waɗannan biyu shi zai nuna ko allon zai samu shiga tsarin 6G, wanda ake sa ran fitowarsa wajen 2030.