Hujin dodon kunne da ya ƙi rufewa

A ƙauyukan Batsari da Safana, yaron da kunnensa ke zubar da ruwa ba a cika ɗaukarsa majinyaci ba. A share da tsumma, a ɗiga ruwan wani ganye, a ce zai daina in ya girma. Ruwan kan tsaya, amma dodon kunnen ya riga ya huje. Malam na magana a aji, yaro na ji sama-sama, har a fara kiransa daƙiƙi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta masu irin wannan ciwo tsakanin miliyan 65 da miliyan 330.

Dodon kunne siririyar fata ce mai hawa uku. In mari ko tsinken ashana ko ƙarar bindiga ya fasa shi, yawanci yakan haɗe cikin 'yan makonni. Hujin da ya haura wata 3 shi ne abin damuwa: fatar waje ta lanƙwaso ta haɗu da ta ciki, bakin ya warke, ramin na nan, kamar hujin 'yan kunne.

Kafin a gwada magani a kan mutum, sai an gwada a kan dabba. Nan masana suka gamu da cikas, domin kunnen ɓera kan rufe kansa cikin kamar mako 2, ko da magani ko babu. To, ta yaya za a san maganin ne ya yi aiki? Dole sai an ƙirƙiri hujin da zai kai mako 8 a buɗe. A 1992 wani masani mai suna Amoils da abokan aikinsa a Amurka suka naɗe bakin hujin zuwa ciki a kunnen cincila, wata dabbar tsaunukan Kudancin Amurka. Wasu kan shafa mitomaisin, mai hana tsoka tofowa.

Akwai riba: a 2019 Japan ta amince da Retympa, ɗan soso mai sinadarin tofo da fata, da ake cusawa a hujin ba tare da babbar tiyata ba. Ga mutumin Safana da facin dodon kunne ke nufin tafiya Katsina, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai hujin ɗakin gwaji busasshe ne tsaf, na yaranmu kuwa jiƙe yake da mugunya, kuma sai an fara busar da shi.