Ciniki daban, riba daban: lissafin da ke kada ƴan lakwal a kasuwa

Da zarar an shiga babban hutu, sai ka ga ƴan lakwal sun bazu cikin kasuwar Maraɗi da tashoshin mota, wannan da tiren goro, wancan da ruwan leda, wani kuma ya kasa albasa. Abin sha'awa ne. Sai dai in watan Oktoba ya kama za a koma aji, da yawansu ko kuɗin littafin rubutu ba su iya fiddawa, balle su maida wa iyaye jarin da aka ba su. Ba sata aka yi musu ba. Ciniki ne suka ɗauka riba.

Na ga haka a cikin gidanmu. Ɗan ƙanwata da ke kwaleji ya karɓi jikka 10 hannun uwarsa, ya sari buhun albasa. Bayan kwana 5 ya zo yana murna: “Kawu, na sayar da na jikka 13, ribata jikka 3!” Na ce ɗauko alƙalami.

Mai kurar da ya ɗauko buhun ya karɓi dala 100. Tikitin kasuwa dala 20 kullum, kwana 5 dala 100 ke nan. Leda dala 50. Sannan cikin jikka 13 ɗin akwai jikka guda da wata maƙwabciya ta ɗauka bashi, kuma kowa ya san bashin maƙwabta. Abin da ya rage masa a hannu bayan an cire uwar kuɗi dala 150 ne, wato dala 30 a wuni, ladan tsayuwa cikin rana. Shi kuwa har ya sayi takalmin jikka 2 da sunan riba. Ashe ya gutsiri jikka guda da dala 50 daga jarin uwarsa bai sani ba.

Af, ga wani tarkon: a aji da faran ake lissafi, a kasuwa da dala. Dala guda faran 5 ce, jikka dala 200. Yaron da bai iya juya su a ka ba, tun wurin ba da canji zai fara asara.

To ko wannan lissafin bai ƙare ba, domin tsofaffin ƴan kasuwa ba su auna riba da farashin da suka sayo kaya. Da farashin da za su sake sayowa suke aunawa. Sun ɗauki darasi a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Wanda ya yi saurin sayar da kayan waje a tsohon farashi ya ga kuɗi sun cika akwati, amma da ya je sari sai ya tarar ba su isa su cika masa shago kamar da ba.

Masu sarin kaya a Jibiya ko Katsina su ma da wannan suke fama. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro tun 1999, yuro guda a kan sefa 655 da ƴan kai. Naira kuwa tun watan Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa linzaminta. Kai da ka sayo da naira kana sayarwa da sefa, sai ka tambayi ƴan canji ranar da za ka koma sari kafin ka ce ka ci riba.

Shi dai ɗan ƙanwata, uwarsa ta yarda ta cike masa jarin, bisa sharaɗi biyu: gwangwanin uwar kuɗi daban, na riba daban, kuma duk abin da ya fita, ko dala 5 ce, a rubuta. Jikkar maƙwabciya kuwa har aka koma lakwal ba ta fito ba.