Ajiyar Intanet: Wa Ke Riƙe da Makullin?

A Kabara, unguwar Shehu Nasiru Kabara da gidan Ƙadiriyya, an saba da adana littafi a gafaka ko a kabad. Yanzu kuwa karatun da aka naɗa a waya, hotunan takardun gida, hirar WhatsApp da kalmomin sirri duk sun koma Google Drive ko iCloud. Ajiyar nan tana cikin kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma duk wanda makulli ya shiga hannunsa zai buɗe ta daga ko'ina.

Akwai manhajojin da ke tara wa mutum kalmomin sirrinsa wuri guda, ya riƙe babbar kalma ɗaya kawai. Suna da amfani, amma sun zama tsokar da ɓarayi ke hari. A 2022 masu kutse suka shiga kwamfutar gida ta wani injiniyan kamfanin LastPass, mai irin wannan manhaja, daga nan suka kwafe ajiyar masu hulɗa da kamfanin. Kalmomin sirrin a kulle suke, sai dai sunaye, adireshin imel da jerin shafukan da mutum ke shiga a buɗe aka same su. Mai gajeriyar babbar kalma shi ya fi shiga uku, domin ɓarawon na da kwafi a hannu, zai yi ta gwaji har ya dace.

A nan Kano, ɓarakar ta fi kusa. Mutum zai sayi waya a Farm Centre, mai shago ya buɗe masa Gmail, ya sa lambar wayar a matsayin kalmar sirri, shekaru su wuce ba a canza ba. Wani kuma a kira shi da sunan taron ƙungiya, ya karanto lambobi shida da aka turo masa, WhatsApp ɗinsa ya tafi. Idan aka sace layi, saƙon banki da na Google duk hannun ɓarawo za su faɗa.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyi, amma ba za ta dawo da hoton da ya bazu ba. Don haka ka canza kalmar da wani ya saka maka, ka yi doguwa wadda babu sunanka ko shekarar haihuwarka a ciki. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa wa layinka lambar sirri. Lambar katin banki da hotunan iyali na sirri kuwa, kada ma su hau intanet.