Tsohuwar Kwamfutata Ta Fara Gardama, In Yar Da Ita?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Kasuwar Kara cikin birnin Sakkwato, ya aiko mana takarda yana cewa yana da tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a tebur, 'yar gwanjo, wadda ya saya tun 2004. A cikinta yaronsa ke rubuta lissafin buhunan da aka karɓa bashi. To yanzu duk safiya kwanan wata sai ya koma baya, in rana ta take sai ta mutu da kanta, wani lokaci kuma sai ta yi ta ƙara allon bai nuna komai ba. Shin ya yar da ita ne ko tana gyaruwa?

AMSA: To Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka yi saurin yar da ita, domin da tsohuwar zuma ake magani. Amma kafin kowa ya ɗora mata sukundireba, sai ka fara ceto abin da ya fi ta daraja, wato lissafin bashin nan. Ranar da ta yarda ta tashi, a sa yaro ya kwafe komai a filashi guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, sa'an nan a buga shi a takarda. Dalili shi ne faifan ajiyar da ke cikinta juyawa yake yi, sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, kuma duk abin da ke juyawa wata rana zai gaji. In ka ji yana ƙas-ƙas kamar agogon bango, to alama ce ya kusa tsayawa. Kwamfuta dai ana sayen wata, amma in lissafi ya ɓace, da wace shaida za ka bi kuɗinka?

Batun kwanan wata kuwa ƙaramin abu ne. Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a kan babban allon da ke cikin akwatin, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogonta in an kashe wuta. In ya mutu sai ta manta rana. Ana samunsa wajen masu gyaran agogo. A canza shi, a saita kwanan wata, shi ke nan. Kada ka raina wannan, domin takardar bashi mai kwanan watan ƙarya ita ke jawo musu tsakanin abokan ciniki.

Mutuwar da take yi da rana, zafi ne da ƙura. Kowa ya san bazarar Sakkwato, a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin hatsi sun toshe fankokinta. In ƙwaƙwalwarta ta yi zafi fiye da kima sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Maganinsa, a zare wayar wuta daga bango, a buɗe murfin gefe, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu tukuna, sa'an nan a share da busasshen burushi mai laushi a hure ƙurar. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. A ɗauke ta daga ƙasa, a matsar da ita daga bango, a riƙa aiki da ita da safe ko bayan la'asar. In an kashe ta huce, sai a lulluɓe ta da zane.

Ƙarar nan da allo babu hoto, galibi wani siririn allo ne da ake kira ram ya saki ko ya yi datti. Mai gyara zai zare shi, ya goge bakinsa mai ruwan zinariya da kilinar fensir, ya mayar. Ka ce masa kuma ya duba 'yan gwangwanayen da ake kira kafasita. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 da yawa sun yi fama da su. In kansu ya kumbura ko ya tsatso, sai a canza su.

Jama'a, ga gargaɗi guda uku. Na ɗaya, kada wanda ya buɗe allon kallo mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin, domin yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Na biyu, a sa mata sitabilaiza, kuma in NEPA ta kawo wuta ko an tayar da janareta, a jira wutar ta daidaita kafin a kunna. Na uku, in Windows XP ce a kanta, wadda ta fito a 2001, to kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da kariya tun ranar 8 ga Afrilu, 2014. Saboda haka kada a haɗa ta da intanet, kada a yi harkar banki da ita, kuma kada a bari kowa ya zo ya soka mata filashinsa.

In an yi duk wannan ba ta tashi ba, kada ka sayar wa 'yan gwangwan sai an cire maka faifan ajiyar, domin sirrin kasuwancinka na ciki, kuma ana iya karanta shi a wata na'urar.