Awon filin da ya karkace

Ƴan'uwa, ba kowane fili ne ke zuwa a daidaice kamar ɗaki ba. Wani za ka tarar hanya ta ratsa a karkace, fili ya bi ta. Gefuna biyu masu kallon juna tsawonsu ɗaya, haka ma sauran biyun, amma kusurwoyin sun kwanta. A Larabce ana kiran wannan siffa mutawazil adla'i. Khawarizmi ya kawo irinta a babin awo na littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya. Kaso mai yawa na littafin kuwa lissafin gado ne da wasiyya.

Inda mutane ke kuskure shi ne su auna tsawo, su auna gefen da ya karkace, su ninka. A'a. Abin da muke ninkawa da tsawo shi ne tazarar da ke tsakanin dogayen gefunan biyu, a miƙe sak. Ɗalibai su gwada da takarda: yanke kusurwar da ta fito a gefe ɗaya, ka liƙa ta a ɗaya gefen. Sai siffar ta koma kamar ɗaki, ba a ƙara komai ba, ba a rage ba. Faɗinta kuwa miƙaƙƙiyar tazarar nan ce.

Mu ɗauki fili mai tsawon mita 40, karkataccen gefensa 25, miƙaƙƙiyar tazararsa 20. Girmansa 40 sau 20, murabba'in mita 800. Mai ninkawa da 25 zai ce 1,000. To, a ce magada ɗa ɗaya ne da ƴaƴa mata biyu kawai. Rabo na gaskiya 400, 200, 200. A lissafin kuskure za a yankar wa namiji 500, ta farko 250, ta ƙarshe a bar ta da 50. Galibi kuma ƙarama ce, wadda ba ta da bakin magana.

Samun miƙaƙƙen layi ba wuya. A sami igiya mai mita 12, a haɗa bakinta, mutum uku su ja ta gefunanta su zama 3 da 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 a miƙe take. A shimfiɗa gefen 4 a kan iyaka, a bi gefen 3 har ɗaya iyakar.

Idan gefuna masu kallon juna ba tsawonsu ɗaya ba, wannan ƙa'ida ba ta aiki, sai a nemo ma'aikacin awon fili.