Awon Saurin Intanet da Giɓin Kalmominsa a Hausa: Misali Daga Kurmin Mashi

A Kurmin Mashi, unguwar da ke bakin titin Nnamdi Azikiwe a arewacin Kogin Kaduna, ba abin mamaki ba ne a ji mai sana'ar PoS yana bai wa abokin cinikinsa haƙuri da cewa "sabis ya ɗauke" ko "netwok yana ja". Waɗannan furuci suna bayyana halin da ake ciki, amma ba su auna shi. Bahaushen da ya san mudu da tiya a kasuwar hatsi, a nan yana sayen hajar da ba shi da kalmar awonta.

Tushen ruɗanin shi ne kalmar "mega", wadda ta ɗauki ma'ana biyu a bakin jama'a. Megabayit ma'aunin yawan data ne, wato abin da ake saye ya ƙare. Megabit a daƙiƙa, wanda ake taƙaitawa da Mbps, ma'aunin gudu ne. Na farko kamar ruwan da ke cikin tanki yake, na biyu kuwa faɗin bututun da ke kawo shi. Da yake bit 8 ne ke yin bayit 1, sauke fayil mai gigabayit 1 a kan 25 Mbps zai ci kimanin minti 5 da daƙiƙa 20, alhali a kan 2 Mbps sai ya haura sa'a guda. Kuɗin datar dai ɗaya ne.

Ba a zaɓi adadin 25 a banza ba. Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin samar da aƙalla 25 Mbps a birane da 10 Mbps a karkara. Ke nan mazaunin Kurmin Mashi yana da mizanin da hukuma ta gindaya, wanda zai iya gwada layinsa da shi.

Manhajojin awo irin su Speedtest na kamfanin Ookla, wanda ya fito a 2006, da Fast.com na Netflix, wanda ya biyo baya a 2016, suna aika bayanai tsakanin waya da wata babbar kwamfuta, sannan su ƙididdige abu uku: saurin saukewa, saurin ɗorawa, da jinkirin amsa. Na ukun ne aka fi mantawa da shi, duk da cewa shi ke sa murya ta riƙa makara a kiran bidiyo. Jinkiri yana ƙaruwa da nisa, kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku da Nijeriya ta fi dogara da su, irin su MainOne da Glo-1, a Legas suka sauka. Saƙon da ya tashi daga Kaduna zuwa Turai yakan bi ta can. An ga tasirin wannan dogaro a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wasu daga cikin wayoyin suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki suka tsaya cik a wurare da dama.

Awo ɗaya ba hujja ba ne. Turken sadarwa yana raba ƙarfinsa ne ga duk wayoyin da suka rataya a kansa, don haka sakamakon asuba yakan bambanta da na bayan isha'i. Sai an maimaita gwaji a wuri guda, a lokuta mabambanta, ana rubutawa, kafin a bambance matsalar cunkoso da ta tsohuwar waya ko katangar ɗaki. Irin wannan rubutaccen bayani ne ke ba ƙorafi nauyi idan an kai shi ga Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta lambarta 622, musamman bayan amincewa da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

A nan ne batun harshe ya zama na haƙƙi. Alƙaluman da Ookla ke wallafawa ana tattara su ne daga gwajin da masu wayoyi suka yi. Unguwar da mutanenta ba su gwadawa takan narke cikin matsakaicin adadin birni, a ɗauka tana samun abin da unguwannin masu hali ke samu. Wanda kuwa bai fahimci abin da allon waya ya nuna masa ba, da wuya ya gwada, balle ya yaɗa sakamako.

Kalmomin "saukewa" da "ɗorawa" sun riga sun zauna a kafofin yaɗa labarai na Hausa, kuma sun dace domin daga harkar dako aka aro su. Inda aiki ya rage wa masana ƙirƙirar kalmomi shi ne raba "mega" ta yawa da "mega" ta gudu, da tsayar da suna guda ga jinkirin amsa, wanda har yanzu kalmar "ja" ke haɗe shi da ƙarancin gudu.