Boris ɗin Ƙafar Gaba: Gane Ciwonsa a Tsohuwar Fijo da Yadda Ake Sauya Shi

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal da Aliero ta shigo Jega, sa'an nan ta gangara Maiyama da Koko har Yawuri, ya san cewa duk da yawan sababbin motoci, har yanzu ba a rasa tsohuwar Fijo 504 a kanta, ko dai mai ɗaukar fasinja, ko kuwa a-kori-kura da aka yi wa lodin buhunan albasa. Wannan mota an fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, kuma tun da kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kaduna cikin 1975 aka riƙa harhaɗa ta a nan gida har kimanin shekara talatin, shi ya sa da wuya ka sami bakanike mai shekaru a Jihar Kebbi wanda bai koyi sana'arsa a jikinta ba. To, amma ƙarfe duk ingancinsa yana da ajali, kuma cikin sassan tsohuwar mota babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali rayuka na rataye a kansa, kamar boris ɗin ƙafar gaba.

Ƙafar mota tana juyawa ne a kan wata gajeriyar sandar ƙarfe wadda ita ba ta juyawa, boris kuwa shi ne ke shiga tsakaninsu domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A irin waɗannan motoci da injin ke tura ƙafafun baya, kowace ƙafar gaba tana da boris biyu, babba daga ciki, ƙarami daga waje, kowannensu jerin ƙwallaye ne ko 'yan sanduna masu tsukewa a baki ɗaya, suna gudana a kan zoben ƙarfe mai santsi cikin giris. Irin mai sandunan nan wani maƙerin kekunan doki ne a Amurka, Henry Timken, ya yi rajistar hikimarsa cikin 1898, bayan ya lura cewa ƙafa ba nauyin sama kaɗai take ɗauka ba, har da turin da ke zuwa mata daga gefe duk lokacin da aka sha kwana.

Dalilan lalacewar boris a ƙasarmu sanannu ne. Ƙurar hunturu tana kutsawa ta bakin robar da ke tsare giris idan ta tsufa ta bushe, sai ta gauraya da shi ya koma yana goge ƙarfen da aka sa shi ya kiyaye. Ruwan damina kuma, wanda mota ke faɗawa da ƙafa mai zafi a hanyoyin ƙauyuka da fadamu, yana shiga ya bar tsatsa. Ga ramukan hanya da ke buga ƙwallayen a jikin zobe har su bar tabo, ga kuma lodin da ya wuce kima a lokacin kakar albasa, sa'ad da kowane direba ke ƙoƙarin ya rage yawan sawu.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, boris ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya daɗe yana kai ƙara ga mai kunnen ji. Alamarsa ta farko gurnani ne da ke tashi daga gaba, yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu, kuma ba ruwansa da injin, domin ko an cire giya mota na gangarawa da kanta ba ya yankewa. Direba mai lura, in ya sami fili babu mota gaba babu baya, yakan karkata sitiyari a hankali hagu da dama: idan gurnanin ya ƙaru yayin da aka karkata hagu, galibi na dama ne ke ciwo, saboda nauyin mota a kansa ya koma, haka kuma akasinsa. Tayar da ta cinye a karkace ita ma tana irin wannan kuka, don haka akan mai da tayoyin gaba baya a sake saurare. Bayan doguwar tafiya kuma a kai hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafa, wadda ta fi 'yar'uwarta zafi nesa ba kusa ba tana da magana, ko ta boris ko ta birki mai kamewa.

Hujjar da ke yanke shakka a gareji ake samunta. Bakanike zai ɗaga ƙafar da jak, ya tokare motar da gungumen katako, ya kama taya da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ya girgiza, yana sauraren abin da tafinsa zai gaya masa, kamar yadda masu ɗorin Aliero, waɗanda sunansu ya kai ƙasashen maƙwabta, ke laluben karaya da yatsu. In ya ji ƙwas-ƙwas, sai ya ce wa yaronsa, "Kai, shiga ka taka birki ka riƙe." Idan girgizar ta ɓace da taka birki, laifin boris ne, idan tana nan, sai a nemi illar a mahaɗan ƙafar. Daga nan ya juya tayar da sauri ya ɗora hannu a kan sifirin, domin gurzar da kunne bai kama ba hannu yana jin ta.

Wajen sauyawa, bayan an cire taya, ana kwance kan birki a rataye shi da waya, kada a bar shi yana lilo a jikin tiyon mai. Sai a ɓalle murfin tsakiya, a kwance noti, a zaro boris na waje, a jawo hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, gaba ɗaya, a fitar da roba da boris na ciki, a wanke kome da kalanzir a duba da hasken rana. Ƙarfen da ya yi ramuka, ko ya sauya launi ya yi shuɗi saboda zafi, ya gama aiki. A nan ne ake yawan yin kuskure guda wanda ya wajaba a yi gargaɗi a kansa, wato a sa sabon boris a bar tsohon zobensa a cikin hob don gudun wahala, alhali tabon tsohon zoben zai cinye sabon cikin ɗan lokaci. Wajibi ne a fitar da zoben da sandar tagulla, ana bugu kaɗan-kaɗan ana zagayawa, a shigar da sabon daidai ba karkace ba har sautin guduma ya sauya, alamar ya zauna. Giris kuma ba shafawa ake yi a bayansa ba: ana zuba shi a tafin hannu a riƙa danna bakin boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen. A sa sabuwar roba, kada a haɗa giris iri biyu, kada kuma a ajiye kayan a ƙasa inda yashi zai same su.

Ɗaurin noti shi ne ma'aunin gwanintar bakanike. Ana ɗaure shi ana juya ƙafar domin kome ya zauna, sa'an nan a sassauta, a sake ɗaurewa sama-sama gwargwadon abin da littafin motar ya ƙayyade, domin wanda aka matse ainun zai yi zafi ya narkar da giris ya kame, wanda aka bari sako-sako kuwa zai yi ta bugu har ya farfashe. A ƙarshe a kulle notin, ko da sabon fin ko da lanƙwasa bakinsa, ba da tsohuwar ƙusa ba. Ya fi dacewa a duba ɗaya ƙafar a rana guda, tun da tare suka sha hanya, kuma a taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa mota.

Game da saye, kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, don haka a tafi da tsohon a gwada lambar da ke jikinsa, a saya wurin wanda aka san gaskiyarsa, domin araha ba ta ado. Kuɗin boris biyu da giris da ladan bakanike ba su kai kusa da na sandar ƙafa da hob da za su lalace in ya kame ba, balle a yi maganar abin da ke faruwa idan ƙafa ta fita mota na gudu da mutane tsakanin Jega da Maiyama. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma fasinjan da ya biya kuɗi ya shiga mota amana ne a wuyan direba da mai mota duka. Saboda haka wanda ya ji gurnani a ƙafar motarsa, hakkin da ke kansa shi ne ya kai ta gareji kafin ya sake yin lodi.